Firizata a Bayan Katanga

Shekarar da aka ce za a kawo wa ƙauyenmu wutar sola, firizata ta riga ta daɗe da zama adaka. A cikinta nake ajiye zannuwan fita unguwa, da turamen da ban ɗinka ba, da sabulun wanka. A kan murfin na shimfiɗa leda mai furanni, na jera kwanukan sha. Baƙuwar da ba ta sani ba sai ta ɗauka tebur ne.

Innata ce ta saya mini ita, Allah ya jiƙanta. Sana'arta turara shinkafa, ta yi shekaru a bakin murhu hayaƙi yana cin idanunta. Da aurena ya tashi, aka ce a cikin garin Kura za mu zauna, inda maigida ya kama haya, kuma akwai wutar gwamnati ko da ba kullum ba. Sai Inna ta ce ba za ta cika mini ɗaki da kwanukan da ba a cin abinci a cikinsu ba. Ta je birni ta sayo firiza ta hannu, fara, mai murfi a sama, da 'yar lotsawa a gefen hagu. Ranar jere ta dafa ta, ta ce da ni, "Ke kin yi makaranta, ba sai kin sha hayaƙi irin nawa ba. Ki sayar da sanyi."

Na ɗan taɓa a Kura: zoɓo, lamurje, ƙanƙara a leda. Ba mu daɗe ba mahaifin maigida ya rasu, gonakin bakin kanal suka dawo hannunsa, muka tattara muka koma ƙauye, wajen Bunkure, inda ko falwaya ɗaya babu. Maigida ya ce a sayar da firizar, na ce a bar mini abata. Bayan rasuwar Inna bai sake tayar da maganar ba.

A ƙauyen Allah ya haɗa ni da maƙwabciya. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma wata damina ta cinye mata wani gefe, ya zama giɓi daidai ƙugu, ba wanda ya damu ya gyara. Ta nan turmina yake tsallakawa, ta nan injin taliyarta yake dawowa. Har akwai kayan da mun manta ko na wace ce a cikinmu. Ita allo kaɗai ta yi, ni na gama sakandare, don haka 'yar boko take kirana, ko a gaban wa. Mace ce mai dariya da dukkan jikinta, mai saurin kyauta, ba ta iya ɓoye magana ba. Ina faɗin wannan tun yanzu don kada a ce wani abu ta yi mini.

Mutanen kamfanin sola sun zo ana tsakiyar ɗibar tumatir. Samari ne, kowanne riƙe da babbar waya mai faɗi kamar allo. Suka ce tun kafin su zo sun ga ƙauyenmu daga sama a hoto, sun ƙirga rufin kwano, yanzu kuma so suke su ji abin da kowane gida zai jona, don su san yawan farantan kama hasken rana da baturan da za su kawo. Gidajenmu ba shiga ne, saboda haka a ƙofa suke tsayawa su yi sallama da masu gida.

Ranar da suka zo namu maigida yana nan, ya dawo cin abincin rana. Ya shimfiɗa musu tabarma a soro, wasu maƙwabta maza suka zo suka zauna jin labari. Ni ina tsakar gida, na matso da tsintar shinkafata jikin bangon soron. Ina ji ɗaya daga cikin samarin ya tambayi ƙwan lantarki nawa, aka faɗa masa. Fanka? Maigida ya ce in Allah ya hore. Rediyo, cajin waya. Sannan ya tambaya ko akwai mai sana'a a gidan da za ta buƙaci wuta, kamar injin markaɗe, ko firji, ko firiza.

Maigida ya ce, "A'a, iyali dai ɗan abin da ba a rasa ba suke taɓawa. Ba wani abu."

Na yi tari. Na sake yin tari, har na buga faranti a ƙasa. Ba wanda ya kula. Ba kuma yadda za a yi mace ta ɗaga murya daga cikin gida ta gyara wa mijinta magana a gaban maza. Ina ji saurayin ya yi godiya, suka tashi, takalmansu suka nufi ƙofar gaba.

Mijin maƙwabciya kuwa ya bi motar tumatir zuwa kudu, ba namiji a gidan. Suka yi ta sallama, daga ƙarshe ta yafa mayafi ta tsaya a bayan ƙyaure ta amsa musu da kanta. Ta giɓin katanga nake jin muryarta tar. Da aka zo kan firiza, ko numfashi ba ta ja ba ta ce akwai, babba ma, kuma ƙanƙara za a yi ta sayarwa. Tana dawowa tsakar gida ta leƙo tana dariya. Ta ce da ya ambaci firiza ni ta tuna, ai abin da ke ɗakina nata ne. Ni ma na yi dariya a lokacin, don ban san abin da amsar nan za ta haifar ba.

Da maigida ya shigo na tambaye shi a hankali me ya sa bai faɗi firizar ba. Ya tsaya da lomar tuwo a hannu, ya waiga ya dubi kusurwar ɗakin, ya dubi ledar mai furanni da kwanukan da ke kai. Ya ce wallahi ya manta firiza ce, shi akwatin kaya yake ganinta. Ya ƙara da cewa ko da ya tuna, ina shi ina lissafa kayan ɗakin matarsa a gaban majalisa, wa ya san ma ko haraji za a yanka da abin da aka rubuta. Ya ce in kwantar da hankalina, wuta ai wuta ce, in ta zo kowa ya jona abin da yake da shi.

Aka share fili a bayan makarantar firamare, aka jera farantai suna ƙyalli, aka gina ɗakin batura, aka kafa turaku. Kowane gida aka maƙala masa mita a jikin soro. Ranar da aka kunna, mata suka yi ta guɗa unguwa unguwa. Ni tun kafin ranar na kwashe zannuwana na zuba a buhu, na wanke firizar ciki da waje, maigida ya kira mai gyara daga Kura aka fito masa da ita soro ya ƙara mata iskar gas, aka mayar da ita ɗaki. Da hantsi na yi bisimilla na jona ta. Ta yi wani nishi, irin na tsohuwa za ta miƙe, jikinta ya girgiza. Sai ɗif. Ƙwan ɗaki ya mutu, rediyo ya yi shiru. Bayan ɗan lokaci wutar ta dawo da kanta. Na sake gwadawa, haka ta sake yi.

Maigida ya je ɗan shagon da kamfanin ya buɗe, inda ake sayen katin wuta. Mai shagon ya yi masa bayani cewa mitocin iri ɗaya ne a ido, amma kowace an ɗaure mata iyakar abin da za ta bari a ja, gwargwadon abin da mai gida ya faɗa ranar tambaya. Tamu ta ƙwai da fanka ce. Ya ce shi ba shi da ikon kwance ta, daga kwamfutar ofis a birni ake yi, amma zai tura koke. Koken ya daɗe bai tafi ba saboda sabis. Da ya tafi, amsar ta daɗe ba ta dawo ba. Da ta dawo, cewa aka yi an auna baturan ne da amsoshin da mutane suka bayar, babu rara, sai dai a jira ƙari.

Gidan maƙwabciya kuwa babbar mita aka ba su. Tana da wutar da za ta ɗauki firiza, ba ta da firiza. Ni ina da firiza, ba ni da wutarta. Azumi yana matsowa, bazara ta kankama, har ruwan randa ɗumi yake yi. Kowa ya ga mafita tun kafin ni in yarda na gan ta. Ita ce ta fara furtawa, tana tankaɗe a bakin giɓi. Ta ce, "'Yar boko, karatun nan naki bai nuna miki ba? A kawo ta nan mana. Ɗakin can na kusa da madafi ba kowa. Taki ce, ni gadi zan yi."

Na ce zan yi shawara. Na kai kwanaki ina shawarar da ni kaɗai nake yi. Daga ƙarshe na ga in na bari azumi ya wuce, na yi wa Inna asarar guminta.

Firizar ba ta wuce ta giɓi. Dole aka fitar da ita ta soro, maigida da mijin maƙwabciya, wanda ya dawo daga kudu, suka kinkime ta suka bi titi da ita, mutane suna tsayawa kallo kamar ana kai amarya. Na tsaya a ɗakina ina duban inda ta tashi. Ƙasan wurin ya fi sauran ɗakin haske, ga sawun ƙafafunta huɗu a daɓe. Ban jima ba na ji guɗar maƙwabciya ta bayan katanga, sannan na ji ƙarar, wani gunji mai laushi wanda rabona da shi tun Kura. Wannan karon bai tsaya ba.

Azumin nan an yi ciniki. Ni nake dafa zoɓo da lamurje, in tace kunun aya, in ƙulla a leda, in miƙa ta giɓi a bokiti. Ita take jerawa, ita take sayarwa. Abin da aka samu a gabana take zubewa mu raba, ba ta taɓa cin mini ko sisi ba, har sai na tilasta mata take cire na katin wuta. Abin da ya dame ni daban ne. Daga la'asar layi yake kamawa a ƙofarta, kuma abin da kowa yake faɗa shi ne a je gidan mai ƙanƙara. Ba wanda yake nufin gidana. Masu aikin gona da ke dawowa daga bakin kanal suna yabon zoɓonta, wai ta iya sa citta. Cittata ce, ni na daka. Wata tsohuwa ta zo har ɗakina barka da shan ruwa, ta ba ni shawarar in je in koyi haɗin lamurje wurin maƙwabciyata, tunda ga mu kusa.

Akwai wata Bafulatana mai tallan nono da ta saba sauke ƙwaryarta a inuwar darbejiyata idan rana ta take. Mukan yi hira, in ba ta ruwa, ta ɗan tsiyaya mini kindirmo. Da ta gano cewa nonon da ya yi kwantai zai iya kwana a firiza bai yi tsami ba, sai ta koma sauka a can. Takan ɗago mini hannu ta giɓi, ta ce, "Sannu, uwar gida," ta juya ta ci gaba da hirarsu. Wannan ya fi layin masu saye ci mini rai.

Na san hukuncin hassada. A Islamiyyar matan aure ni malam yakan sa in karanta wa sauran darasi, kuma mun wuce wannan babin ba sau ɗaya ba. Duk lokacin da na ji an buɗe murfin nan, don ina gane ƙararsa a cikin kowace hayaniya, sai in ce Allah ya sanya albarka, da ƙarfi, yadda kunnena zai ji. Bakina yana faɗa, zuciyata tana biyo shi a baya tana jan ƙafa. Nakan gaya wa kaina ba so nake ta rasa ba, so nake ni ma in samu. Amma wata rana hadari ya rufe gari tun safe, wutar ƙauyen duka ta ɗauke da yamma, gunjin ya tsaya, sai na ji ƙirjina ya yi sakayau. Ina cikin jin daɗin ne na tuna kunun ayar da zai lalace nawa ne. Na tashi na yi alwala.

Bayan sallah kamfanin ya turo wata ma'aikaciya, budurwa mai hijabi da hular rana a kai. Ita ta iya shiga gidaje. Gidan maƙwabciya ta nufa kai tsaye, don wai a duk ƙauyen mitarsu ce ta fi nuna aiki. Na tsallaka na tsaya daga gefe. Ta ce maƙwabciya ta tsaya kusa da firizar ta ɗora hannu a kai za ta ɗauki hoto. Hannun ya sauka daidai kan lotsawar nan ta hagu, inda Inna ta dafa ranar jere.

Maƙwabciya, Allah ya saka mata, ta ce, "Ai ba tawa ba ce, ta ƙawata ce, ga ta nan. Ita ce ma mai haɗa komai."

Budurwar ta gaishe ni da ladabi, ta ce madalla, amma su abin da mita ta aiko suke bi, mitar kuma ta wannan gida ce. Ta ce akwai sabon tsari na ba wa masu sana'a firiza irin ta sola, a biya a hankali, kuma kwamfuta ce take zaɓo gidajen da suka fi jan wuta. Na roƙe ta ta duba namu. Ta latsa wayarta, ta ɗaga ta sama tana neman sabis, ta jira, sannan ta juyo mini da fuskar. Na ga wani layi kwance a ƙasa, lafiya lau, kamar ruwan kanal da asuba. Ta ce gidanku ko iyakar da aka ba ku ba kwa kaiwa, Hajiya, a wurin kwamfuta ba ku da matsala. Na ce to yaya za a yi kwamfutar ta san muna da matsalar? Ta yi murmushi ta ce duk abin da ya faru a mita tana aikawa, ba ta ɓoye komai. Na riƙe wannan maganar.

Sabuwar firizar ta zo gidan maƙwabciya farkon damina, a bayan a-kori-kura, cikin kwali, da ledarta. Ta fi tawa tsawo, ba ta yin ƙara, tana da ɗan gilashi mai nuna lamba a gaba. Mitarsu ba za ta ɗauki biyu ba. Maƙwabciya ta yi ta kewaye-kewaye, ta ce a bar tawa a can ana kunna su bi da bi, ta ce ko a mayar da sabuwar. Na ce haba, wa yake mayar da arziki, a kawo mini abata. Ta wanke ta tas, ta goge, aka sake bi da ita ta titi. Wannan karon ba wanda ya tsaya kallo, duk suna can wurin sabuwar.

Ta ce in ci gaba da miƙo zoɓona kamar da. Na ci gaba na ɗan lokaci, sannan na fara cewa kaina yana ciwo, ko sukari ya yi tsada. Ta gane, ba ta matsa ba. Ta koyi haɗawa da kanta, kuma abin haushin, bai yi muni ba.

Ban mayar da zannuwa cikin firizar ba. Na bar ta fayau, murfi a ɗan buɗe. Sai na fara wani abu da ban gaya wa kowa ba. Kullum idan maigida ya tafi gona, na gama shara na yi walaha, sai in je in jona ta. Ta yi nishinta, ta girgiza, wuta ta ɗauke. In zare, in zauna a bakin gado har ƙwan ya dawo. A lissafina, tunda mita ba ta ɓoye komai, to kowace ɗaukewa sallama ce nake yi a ƙofar ofishin nan na birni. Wata rana wani zai duba ya ce, wannan gidan kullum yana neman abin da ya fi wanda aka ba shi, a je a ji. Wani lokaci ina jonawa ina jin maƙwabciya tana fasa ƙanƙara da taɓarya, sai in ƙara yi sau ɗaya.

Wata safiya na zare na zauna, ƙwan bai dawo ba. Azahar ta yi, bai dawo ba. Maigida ya dawo ya ga mitar tana ƙifta jan ido, ya je shago. Mai shago ya ce an kulle ta daga sama, wai kwamfuta ta ga alamun ko ana taɓa waya ko ana satar wuta, kuma sai injiniya ya zo ya gani da idonsa. Maigida ya dawo ransa a ɓace. Mutum ne da ko ruwan kanal ba ya buɗewa in ba ranar layinsa ba ce, yau ga shi ana ambatar sata da gidansa a gaban masu sayen kati. Ya ce in na san wani abu in faɗa masa. Na faɗa masa duka. Ya dube ni ya ce, "Yanzu ke da karatunki, inji kike wa sallama?" Na ce shi ne kaɗai aka ce yana saurare. Ya saɓi fartanyarsa ya fita.

Muka koma fitilar hannu, ga hasken gidan maƙwabciya yana zubowa ta giɓi har bakin randata. Maƙwabciyar ta miƙo mana waya mai ƙwai ɗaya ta kan katanga, na ce a'a, kada su ma a kulle tasu.

Injiniyan ya zo a babur, wandonsa duk taɓo. Magidanci ne mai furfura kaɗan a gemu. Ya duba mitar bai ga an taɓa ba, ya ce sai ya bi wayoyin cikin gida. Maigida ya leƙo ya ce in sa hijabi za a shigo. Wannan ne karo na farko da wani namiji daga kamfanin ya wuce soronmu. Ya bi waya ɗaki ɗaki har ya zo nawa, ya tsaya a gaban firizar, ya dubi igiyarta a ƙasa kusa da soket. Ya tambaya ko ita ake jonawa.

Na buɗe baki, maigida ya riga ni. Ya ce, "Firizar iyalina ce, mahaifiyarta ta saya mata. Tana da sana'a tun kafin ku zo. Ranar da yaranku suka yi tambaya ni ne ban faɗa ba."

Injiniyan ya ce ba mu kaɗai ba ne. Tun da aka kunna wutar suke gano injinan markaɗe da kekunan ɗinki a gidajen da aka rubuta ba komai sai ƙwai. Ya nuna wa maigida wayarsa, ni ma na leƙa daga baya. Layin nan da na gani kwance yanzu ya cika da jajayen tsinke, kowace safiya ɗaya, wani wurin biyu. Ya ce a ofis sun yi ta gardama a kan wane irin ɓarawo ne wannan mai zuwa aiki da hantsi kullum, ba ya fashi ko ranar Juma'a. Maigida ya yi ƙoƙarin haɗe fuska, dariya ta ƙwace masa.

Na tambaye shi da bakina ko za a kwance mana mitar. Ya ce gaskiya wutar dare ba ta da rara, baturan an gama rabe su. Amma da rana, idan batura suka cika, farantan suna samar da wutar da ba mai sha, a banza take tafiya. Zai iya roƙa a buɗe wa mitarmu iyaka daga hantsi zuwa la'asar, in rana ta yi sanyi ta koma ƙaramarta. Ya ce ba za ta yi ƙanƙara mai tauri ba, sai dai sanyi. Ya dubi maigida yana jiran amsa. Maigida ya juyo ya dube ni. Na ce a buɗe.

Saƙon ya ƙi tafiya daga cikin gari. Sai da ya hau babur ya je kan gadar babban kanal, inda sabis yake kamawa. Maigida ya raka shi, ya dawo yana ba ni labarin yadda mutumin ya tsaya a kan gada hannu a sama, masu wanke babura suna yi masa tsiya wai ko ruwan sama yake roƙo.

Washegari da hantsi na jona ta. Ta yi nishi, ta girgiza, ina kallon ƙwan ɗaki. Bai mutu ba. Gunjin ya daidaita, ya cika ɗakin. Na zauna a ƙasa na jingina da ita, ina jin ɗumin gefenta a bayana, na yi wa Inna addu'a.

Haka muke har yanzu. Idan la'asar ta yi sai in zare ta da kaina kafin mitar ta yi fushi. Zoɓona yana sanyi har ya kama haƙori, amma ba ya daskarewa. Masu dawowa daga gona da azahar suna tsayawa a ƙofata, masu neman ƙanƙara suna wucewa gaba. Bafulatanar ta dawo shan ruwa a inuwar darbejiyata, amma nonon kwana can take kaiwa. An ce za a ƙaro batura, an kuma sake zagayen tambaya, wannan karon mata aka turo, na lissafa musu har dutsen guga da ban saya ba tukuna.

Kullum kafin magariba maƙwabciya takan leƙo ta giɓi da manyan ƙanƙara biyu a roba, ta ce in sa a ƙasan firizar su riƙe mini sanyi zuwa safe. Jiya ma ta kawo. Ta ce, "Ungo, 'yar boko, a ba tsohuwa ta jiƙa maƙoshi." Haka take kiran firizata. Na karɓa na ce Allah ya ƙara buɗi. Na juya ɗaya a hannuna kafin in saka. Tauri gare ta kamar dutse, fara sol har cikinta, ko a Kura tawa ba ta taɓa yin irinta ba. Na saka su a ƙasa, na jera ledojin zoɓo a kai, na rufe murfin.